John McEwen Dalziel

John McEwen Dalziel (16 ga Mayu, 1872 – 21 ga Fabrairu, 1948) likita ne kuma masanin tsirrai ɗan asalin ƙasar Sikotilan, wanda ya yi aikin lafiya a Afirka ta Yamma daga 1905 zuwa 1922. An fi saninsa da tattara sunayen itatuwa da ciyayi na Hausa, da haɗa kowane suna da takwaransa na kimiyya, aikin da ya fito a matsayin ƙamus a 1916. Daga baya shi da John Hutchinson suka rubuta littafin da ya tattara tsirran Afirka ta Yamma baki ɗaya, sannan ya rubuta wani shi kaɗai a kan amfanin da mutane ke yi da su. Masu binciken asalin tsirrai da ƙwayoyin gadonsu da muhallinsu a yankin suna komawa ga waɗannan littattafai da busassun samfuran da ya bari. A rubuce-rubucen kimiyya, kalmar Dalziel a bayan sunan tsiro tana nuna yana cikin waɗanda suka raɗa sunan. 'Yan Sikotilan suna furta sunan nasa kamar Diyel, ba a jin harafin z.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Dalziel a birnin Nagpur na ƙasar Indiya a zamanin mulkin Birtaniya. Ya yi karatun likita a Jami'ar Edinbara, ya kammala a 1895. A wancan zamani ilimin tsirrai yana cikin darussan da dole ɗalibin likita ya koya, domin yawancin magunguna daga saiwa da ɓawo da ganye ake samo su.

A shekarar da ya kammala karatu ya tafi kudancin ƙasar Sin a matsayin likitan mishan, ya zauna a lardin Guangdong, a yankin Shantou, har zuwa 1902. A can ya soma tattara tsirrai yana busar da su yana aikawa gida, kuma akwai tsirran ƙasar Sin da ke ɗauke da sunansa har yau. Bayan komawarsa Birtaniya ya sami babban digirin likita a Edinbara a 1903.

Aiki a Arewacin Najeriya

Dalziel ya shiga hukumar likitocin Afirka ta Yamma a 1905, shekara biyu bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato. Likitocin wannan hukuma kaɗan ne, ana yawan sauya musu wurin aiki, kuma babban nauyin da ke kansu shi ne lafiyar jami'an mulki da sojoji. Wannan yawan sauyi ya ba shi damar ganin sassa da dama na ƙasar. Samfuran da ya tattara suna ɗauke da sunayen wurare kamar Kontagora da Katagum da Sakkwato da Yola, da Abinsi a bakin kogin Binuwai. A 1910 mujallar lambun Kew ta buga bayaninsa a kan albarkatun tsirrai na Lardin Yola.

Bayan haɗe Arewa da Kudu a 1914 ya yi aikin tsaftar muhalli a Legas, inda ya binciki wuraren da sauro ke hayayyafa. Maƙalarsa ta 1920 ta yi bayani a kan ramukan ƙaguwa da kogunan itatuwa masu tara ruwa a matsayin matattarar sauro. Ya kuma yi aiki a Gwalkwas, wato Ghana ta yau, kafin ya bar hukumar a 1922.

Hanyar aikinsa

Mai tattara tsirrai yakan yanko reshe mai ganye da fure, da 'ya'ya idan akwai, ya shimfiɗa shi tsakanin takardu, ya danne da katako har ya bushe. Kowane samfuri yana da lamba, da takardar da ke nuna wuri da rana da irin ƙasar da tsiron ya fito. Daga nan sai a aika shi ma'ajiyar busassun tsirrai, inda masana za su gwada shi da waɗanda aka riga aka sani. Idan ba a taɓa bayyana irinsa ba, sai a raɗa masa suna da Latin, samfurin kuma ya zama ma'aunin da za a riƙa komawa gare shi duk lokacin da aka yi gardama a kan sunan.

Turawa da yawa sun yi irin wannan aiki kafin Dalziel. Abin da ya bambanta shi da yawancinsu shi ne kulawar da ya yi da sunan da mutanen wurin ke kiran tsiron da kuma abin da suke yi da shi. Ya koyi Hausa, kuma kasancewarsa likita ya sa ya damu da tsirran magani da na dafi, irin su filasko da ake sha don wankin ciki, da kwankwani da maharba ke haɗa dafin kibiya da shi, da tururibi mai kashe dabbobi idan suka ci. Suna na gida da ba a ɗaure shi da samfuri ba yana iya ruɗar da mai bincike, domin suna ɗaya kan hau tsirrai biyu, tsiro ɗaya kuma kan amsa sunaye da yawa. Kalgo, alal misali, suna ne na nau'i biyu masu kama da juna, yayin da hano da ararraɓi sunaye ne na itace guda.

Ƙamus na sunayen tsirrai

A 1916 kamfanin T. Fisher Unwin na Landan ya buga littafinsa mai suna A Hausa Botanical Vocabulary. Ƙaramin littafi ne mai shafi ɗari da 'yan kai. An jera sunayen Hausa bisa tsarin abacada, a gaban kowanne akwai sunan kimiyya, da gajeren bayanin kamannin tsiron da amfaninsa. Ya shigar da sunayen irin dawa da gero da wake, da na sassan itace da abin da ake sarrafawa daga gare su, kamar kalwa da daddawa daga ɗorawa.

Littafin yana nuna yankin da ake amfani da wasu sunaye, musamman Sakkwato da Katsina da Kano. Wannan yana da muhimmanci domin karin harshen yamma ya sha bamban da na gabas a sunayen itatuwa da yawa. Abin da Bakano ke kira kanya, Basakkwace kaiwa yake ce masa, haka nan kaɗanya da kaɗe, da ɗinya da ɗunya, da kargo da kalgo. An rubuta littafin tun kafin a tsayar da haruffa masu ƙugiya a rubutun boko, kuma a lokacin ana rubuta ch a inda ake rubuta c yanzu, saboda haka mai karatu na yau sai ya lura kafin ya gane wasu kalmomin.

Ƙamusoshin Hausa da suka biyo baya, kamar na G. P. Bargery na 1934, sun ci gaba da sanya sunan Latin a gaban sunan tsiro. A 1980 Z. O. Gbile na cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan ya fitar da sabon jerin sunayen tsirrai na Hausa.

Tsirran Lardin Sakkwato

A zamanin Dalziel, Lardin Sakkwato ya haɗa mafi yawan ƙasashen da a yau suke jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Tambuwal, da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, da Kebbe da ke kudu da ita kusa da iyakar Kebbi da Zamfara, duk suna cikinsa. Wannan sashe na kudu ya fi arewacin lardin samun ruwan sama, kuma yana cikin shiyyar da masana muhalli ke kira dajin Sudan, tsakanin Sahel ta arewa da dajin Gini na kudu inda doka ta fi yawa. Ronald Keay ya fayyace waɗannan shiyyoyi a littafinsa na 1949 a kan tsirran Najeriya.

Itatuwan da aka saba gani a gonakin wannan yanki duk suna cikin ƙamus ɗin Dalziel. Akwai waɗanda manomi ke bari da gangan idan yana sharar gona, kamar gawo da kuka da tsamiya da ɗorawa da kaɗe. Akwai masu mamaye saura, kamar sabara da geza da kalgo. Akwai na daji kamar marke da ƙirya da taura, da giginya a bakin fadama. Gawo ya fita daban, domin yana zubar da ganye da damina ya tofo da rani. Saboda haka inuwarsa ba ta danne gero, ganyen da ya zuba yana zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Manoma sun san wannan tun kafin masana su auna shi.

Rubuce-rubucen Dalziel sun zama ma'aunin da ake gwada sauyin da aka samu a daji da shi. Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya, shi ne itacen da ya fi yawa a titunan garuruwan Sakkwato a yau, amma asalinsa daga yankin Indiya yake, kuma an soma dasa shi a Borno ne a 1928, shekara 12 bayan fitowar ƙamus ɗin. A ɗaya ɓangaren, faɗaɗar gonaki da saran itacen girki da fari na shekarun 1970 da 1980 sun rage itatuwan asali a sassa da dama na Arewa. Idan itace ya ɓace daga gari, sunansa kan bi shi bayan tsara ɗaya ko biyu. Jerin da aka rubuta a 1916 yana taimaka wa mai bincike ya tambayi dattawa abin da ke nan da abin da ya tafi.

Shekarun Kew

Bayan ya bar aikin likita, Dalziel ya koma ma'ajiyar busassun tsirrai ta lambun Kew da ke Landan. A can ya haɗu da John Hutchinson, wanda ya rayu daga 1884 zuwa 1972, suka soma rubuta Flora of West Tropical Africa. Littafin ya fito kashi huɗu cikin juzu'i biyu, a 1927 da 1928 da 1931 da 1936. Ya ƙunshi tsirran yankin da ya taso daga Senegal zuwa tafkin Cadi da yammacin Kamaru, har da tsibirin Fernando Po, wanda ake kira Bioko yanzu. Yana ɗauke da tambayoyi masu rassa da ke kai mai karatu ga sunan tsiron da ke hannunsa, da jerin wuraren da aka same shi. A tsakiyar wannan aiki, a 1927, Dalziel ya sake zagaya gaɓar Afirka ta Yamma cikin tawagar tattara tsirrai da attajirin Amurka Allison Armour ya ɗauki nauyinta.

Mutanen biyu kowanne da fanninsa. Dalziel ya san tsirran a raye, a inda suke fitowa. Hutchinson kuwa masani ne na rarrabe tsirrai bisa dangantaka. Masana suna kasa tsirrai hawa-hawa: nau'i shi ne mafi ƙanƙanta, nau'o'i makusanta su haɗu su zama gida, gidaje su haɗu su zama dangi. Sunan kimiyya kalma biyu ne, ta farko sunan gida, ta biyu sunan nau'i. A littafinsa na dangogin tsirrai masu fure, wanda ya fito a 1926 da 1934, Hutchinson ya yi ƙoƙarin jera dangogin yadda yake ganin sun samo asali daga juna a tsawon zamani, fannin da ake kira juyin halitta. Ya ɗauka cewa tun da wuri babban rukunin tsirrai masu fure ya rabu reshe biyu, na masu itace da na masu laushin kara. Bisa tsarinsa aka jera littafin da suka rubuta tare.

Wasu sunayen da suka tsayar suna nan ana aiki da su. Sunan maje na kimiyya, Daniellia oliveri, yana ɗauke da sunayen Hutchinson da Dalziel a bayansa. A wannan zamani ne kuma kalmomin Hausa suka shiga sunayen kimiyya: masanan Kew sun kira doka Isoberlinia doka, suka kira iburu Digitaria iburua.

Littafin amfanin tsirrai

A 1937 Dalziel ya fitar da The Useful Plants of West Tropical Africa, mai shafi sama da 600, a matsayin rataye ga babban littafin. A ƙarƙashin kowane tsiro ya jera sunayensa a harsunan yankin, Hausa da Fulfulde da Kanuri da Yarabanci da Ibo da Twi da Mandinka da sauransu, sannan ya bayyana amfaninsa a abinci da magani da rini da jima da gini da kiwo. An sake buga shi a 1948 da 1955. Shekaru da dama shi ne littafin da malaman gona da na daji da masu binciken magungunan gargajiya suka fi dogaro da shi a Afirka ta Yamma.

An sabunta littattafan biyu bayan mutuwarsa. Keay da F. N. Hepper sun shirya bugu na biyu na babban littafin tsakanin 1954 da 1972, mai ɗauke da nau'i sama da 7,000. H. M. Burkill ya faɗaɗa littafin amfanin tsirrai zuwa juzu'i shida, daga 1985 zuwa 2004.

Abin da binciken ƙwayoyin gado ya sauya

Hutchinson da Dalziel sun yi hukunci da abin da ido da madubin ƙara girma ke gani: siffar fure da 'ya'ya da ganye. Daga shekarun 1990 masana suka soma karanta sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin tsirrai suna gwada na wannan da na wancan. A 1998 wata ƙungiyar masana ta ƙasa da ƙasa ta fitar da sabon tsarin dangogi bisa wannan hujja, ta sabunta shi a 2003 da 2009 da 2016. Rabon tsirrai zuwa masu itace da masu laushin kara bai tsaya ba, domin an gano siffar itace ta sha bayyana da ɓacewa a cikin dangi ɗaya.

Sauyin ya taɓa tsirran ƙasar Hausa da yawa. Ɗunya, wadda babban itace ce, ta koma dangi ɗaya da ɗaɗɗoya da na'a-na'a. Kuka da rimi da goro da lalo, waɗanda a littafin Kew suke cikin dangogi uku, an haɗe su a dangin kuɓewa da rama da auduga. Tumfafiya ta shiga dangin kwankwani. Ƙuduji, ciyawar da ke tsotsar saiwar dawa da gero, an cire shi daga inda yake aka haɗa shi da sauran tsirrai masu rayuwa a jikin wasu. Gero ma an mayar da shi gida ɗaya da ƙarangiya a 2010.

Itatuwan ƙaya sun fi jawo gardama. A zamanin Dalziel gawo da bagaruwa da ɗakwara duk suna gidan Acacia. Masanin Faransa Auguste Chevalier ya ware wa gawo gidansa, Faidherbia, tun 1934. Da bincike ya nuna sauran ma ba tsatso ɗaya suke ba, taron masana tsirrai na Viyana a 2005 ya bar wa itatuwan Ostiraliya sunan Acacia, taron Melbon na 2011 ya tabbatar da haka duk da adawar masana da yawa daga Afirka. Bagaruwa ta zama Vachellia nilotica, ɗakwara ta zama Senegalia senegal.

Duk da waɗannan sauye-sauye, aikin Dalziel bai faɗi ba, domin ya ɗaure sunan Hausa ne da samfuri mai lamba. Idan sunan Latin ya sauya, ana komawa ga samfurin a liƙa masa sabon suna, sunan Hausa da bayanin amfanin tsiron su bi shi. Busassun samfura irin nasa sun kuma sami sabon amfani, tun da yanzu ana iya ciro sinadarin gado daga ganyen da ya shekara ɗari a ajiye. Binciken da masanan Kew suka jagoranta aka buga a 2024, wanda ya zana dangantakar nau'i sama da 9,500 na tsirrai masu fure, ya dogara sosai a kan samfuran ma'ajiyoyi. An kuma karanta cikakken tsarin gadon dawa a 2009, na gero a 2017, na wake a 2019. Masu neman irin da ke jure fari ko ƙuduji suna buƙatar sanin sunayen da manoma ke kiran irinsu, kamar kaura da farfara a dawa, ko gero da maiwa.

Matsayin aikinsa

Dalziel ya yi aikinsa a ƙarƙashin mulkin mallaka, kuma gwamnatin lokacin tana son sanin tsirrai ne musamman don gano abin da za a fitar zuwa kasuwannin Turai, kamar ƙaro da man kaɗe da roba da kayan jima. Hukumar da ke kula da sayayyar ƙasashen mallaka ce ta buga manyan littattafan biyu. Ilimin da ke cikin ƙamus ɗin ya fito ne daga bakin manoma da makiyaya da maharba da masu magani da majema, amma sunansa kaɗai ke jikin littafin. Samfuran da ya tattara suna Kew da Edinbara, nesa da ɗaliban ƙasar da aka ɗebo su, ko da yake a 'yan shekarun nan ana ɗaukar hotunansu ana sanyawa a intanet.

Bayanan magani da ke littattafansa rahoto ne na abin da mutane ke yi, yawancinsu ba a gwada su a ɗakin bincike ba a lokacin. Masu binciken haɗa magunguna a jami'o'in Najeriya suna ɗaukar su a matsayin mafari, su gwada tsiron su ga ko yana aiki da kuma ko yana da illa. Hano na cikin itatuwan da aka fi yin irin wannan gwaji a kan ɓawonsu.

Mutuwa da tunawa

Dalziel ya mutu a unguwar Chiswick ta Landan a ranar 21 ga Fabrairu, 1948, yana da shekara 75. Ya kasance mamba na ƙungiyar Linnean ta masana halittu. Hutchinson ya sanya wa hano sunansa, Boswellia dalzielii, a 1910. W. B. Turrill ya raɗa wa wani gidan tsirrai na Afirka ta Yamma suna Dalzielia a 1916. Akwai kuma sauro mai suna Aedes dalzieli, wanda F. V. Theobald ya bayyana a 1910.